Dubai, Birnin da Ke Shan Ruwan Teku

Shekaru da dama ke nan mutanen ƙasar Hausa suna zirga-zirga zuwa Dubai. Wasu sarin zinari da yadi da wayoyin hannu ke kai su unguwar Deira, wasu kuma aiki ne, kamar halartar taro ko baje kolin kayan abinci na Gulfood da ake yi kowace shekara. Duk wanda ya dawo daga zuwan farko, labarinsa kusan ɗaya ne da na sauran: tituna kamar an lashe, jirgin ƙasa mai tafiya ba direba tun 2009, da benaye na gilashi masu ɗaukar ido. Babbansu shi ne Burj Khalifa, wanda aka buɗe a 2010, mai tsawon mita 828. Tsawon nan ya kai har a 2011 aka ba da fatawa cewa mazauna can sama su jinkirta buɗa-baki da minti biyu zuwa uku, domin rana takan faɗi ga na ƙasa alhali su suna hangen ta.

Sai dai mutumin da ya tashi a ƙasar noma, irin su Fakku da sauran garuruwan Kebbe da Tambuwal, abin da ke tsayar da shi daban ne. Shi ciyawa yake kallo. Ya san cewa a gida, da zarar damina ta ɗauke, ba a ganin ɗanyar ciyawa sai a fadama. Ga shi nan kuwa yana ganin ta shar a tsakiyar titi, ga furanni, ga ruwa yana tsartuwa sama don ado kawai. Tambayar da za ta zo masa ita ce, ina kogin yake?

Amsar ita ce babu. Dubai ba ta da kogi ko ɗaya, kuma mashigin ruwan da ya ratsa tsohon gari, inda kwale-kwale ke tsallakar da mutane, reshen teku ne mai gishiri. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, alhali kudancin Sakkwato yakan sami fiye da 600. Watau abin da ke zuba a gonar manomin Fakku a damina ɗaya, sai Dubai ta yi shekara shida ko fiye kafin ta gan shi. Kafin a sami man fetur a 1966, ƙaramin gari ne na masunta da fatake da masu nutson lu'ulu'u, ruwan shansu daga rijiyoyi, a ɗauko shi a kan jakuna kamar yadda aka saba gani a ƙauyukan Arewa.

Kusan duk ruwan da ke fitowa daga famfo a Dubai a yau daga Tekun Fasha aka ɗebo shi, aka raba shi da gishiri, akasari a babbar tashar Jabal Ali. Aikin ba ƙarami ba ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, na Tekun Fasha kuwa ya haura 40, saboda rana tana ƙafar da shi kuma ruwan daɗi da ke shiga cikinsa kaɗan ne.

Tsohuwar hanyar ita ce ta dafawa. Kowace mai girki ta san cewa ɗigon da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya ba shi da gishiri, ko da miyar ta ji shi, domin tururi ba ya tashi da gishiri. Masana sun ƙara wata dabara a kan wannan. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne idan nauyin iskar da ke danne shi na yau da kullum ne. In aka rage nauyin, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. Saboda haka ake ɗumama ruwan teku sau ɗaya, a bi da shi ta cikin ɗakuna a jere, kowane ɗaki iskarsa ba ta kai ta na bayansa nauyi ba. Duk ɗakin da ya shiga sai wani kashi nasa ya tashi tururi nan take, a sanyaya, a tara. Zafin kuwa ana samo shi ne daga tashar lantarki mai ƙona iskar gas da ke haɗe da wurin. Sabuwar hanyar, wadda ke maye gurbin wannan sannu a hankali, tacewa ce: a tura ruwan da matsi mai tsanani ta cikin wata siririyar fata wadda ke barin ruwa ya wuce ta tare gishiri. Ta fi sauƙin cin makamashi, amma ita ma lantarki take sha. Ta kowace hanya aka bi, dagwalon gishirin da ya rage tekun ake mayar wa, abin da ke damun masu nazarin kifi da sauran halittun ruwa.

Ke nan kowane kofin ruwa a birnin, wuta ce aka ƙona kafin a same shi. Wannan ya sa ba a barin wanda aka yi amfani da shi ya tafi a banza. Baƙon da ya sunkuya ya duba gindin itatuwan bakin titi zai ga siraran baƙaƙen robobi suna ɗiga. Yawanci ruwan wanka da na bayan gida ne aka tace aka dawo da shi. Hatta iska ana tatsar ta. Basakkwace ya san zafin watan Afrilu, to amma nasa busasshe ne, gumi yana bushewa jiki ya sarara. Na Dubai jiƙaƙƙe ne da tururin teku, mai tabarau yana fitowa daga mota sai gilashin ya yi hazo. Na'urorin sanyaya ɗaki suna mayar da wannan laima ruwa, kuma a Burj Khalifa ana tara shi a shayar da lambunan da ke kewaye da ginin.

Hukumomin birnin sun san hatsarin dogara ga gas, shi ya sa a 2013 suka fara shimfiɗa filin kama hasken rana a saharar kudu da gari, da megawat 13 kacal. Wannan fanni ba baƙo ba ne a Sakkwato, inda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana gwajin na'urorin tace ruwa da busar da amfanin gona da zafin rana.

Abin da maginan Dubai ba su yi wa isasshen tanadi ba shi ne ruwan sama. Ranar 16 ga Afrilu, 2024, aka sheƙa ruwan da ya zarce na shekara guda cikin yini ɗaya. Manyan tituna suka koma tafkuna, motoci suka nutse, jiragen sama suka yi ta keta ruwa a filin sauka, fasinjoji suka kwana a ƙasa. Bayan wata biyu, Sarkin Dubai ya amince da kashe dirhami biliyan 30 don gina magudanai.