Ɗan Aike Ya Ce Rumbu Ya Cika

Duk wanda ke zama shagon cajin waya a Dabawa ko Dutsin-Ma ya saba jin wannan kukan: "Malam, na gyara saitin, amma WhatsApp bai daina cewa ajiya ta gaza ba." An cire bidiyo daga abin da ake adanawa, an mayar da ajiyar kullum ta koma mako-mako, gargaɗin yana nan daram.

Manomi zai riga kowa gane inda gizo ke saƙa. Ka aiki yaro da amalanke ya kai damman gero rumbu, ya dawo ya ce rumbu ya cika. Sai ka ce to daga yau rabin kaya zai riƙa ɗauka. Umarni ka sauya, ko zangarniya ɗaya ba ta fita daga rumbun ba. In ka sake tambayarsa gobe, labarin zuwansa na ƙarshe zai maimaita maka. Gargaɗin waya ma rahoton yunƙurin ƙarshe ne, ba zai gushe ba sai an sake kai kaya an sauke lafiya.

Rumbun da Google ke bai wa kowa kyauta gigabait 15 ne, kuma ƙofofi uku ke zuba a ciki: Gmail da Drive da Google Photos. Da can hotunan da aka ɗan rage wa inganci ba sa cin wuri, sai a ranar 1 ga Yuni, 2021 aka fara lissafa su. A farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafi. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta dambe da saitin WhatsApp, alhali bidiyon biki da wa'azozin da aka turo masa shekaru uku baya ne suka cinye wurin ta ƙofar hotuna. Gogewa kaɗai ba ta wadatar. Abin da ka goge a Drive ko Gmail yana kwana 30 a kwandon shara, yana cin wuri kamar ba a taɓa shi ba. Sai ka shiga kwandon ka zubar, ka ɗan jira lissafin ya daidaita.

Wani lokaci rumbu da sarari, hanya ce ta yanke. Wayar tana jiran Wi-Fi, mai ita kuwa data kawai ya sani, dole a ba ta izinin amfani da data. Ga shi WhatsApp da misalin ƙarfe biyu na dare yake haɗa kayansa, lokacin da waya ke kashe saboda rashin wuta, ko saitin tsimin batir ya ɗaure ta.

Mafi ban haushi shi ne adireshin Gmail da wani yaro ya buɗe wa dattijo ranar da aka sayi wayar, babu mai tuna kalmar sirrinsa. Buɗe sabo yana kawar da gargaɗi, amma tsohuwar ajiya tana can a tsohon.

Bayan kowane gyara, kada ka jira dare. Sa waya a caji, kunna data, danna maɓallin ajiya na WhatsApp da hannunka, ka tsaya har ya kammala. Sannan duba ranar da ya rubuta da girman abin da ya adana. In ranar ta yau ce, an sauke kaya. In tsohuwar ce ta dawo, koma ka duba ko wuri ne ya ƙare ko data.