Aikin Jinya Bai Tsaya Ga Yin Allura Ba

Idan aka ce nas, yawancinmu abin da ke zuwa mana a rai shi ne farin kaya, allura da awon jini a babban asibitin Ƙaraye ko na Rogo. To, wannan matakin farko ne kawai. Tsanin yana da tsawo, kuma ƙafarsa tana nan cikin ajinmu.

Kafin a ɗauki ɗalibi a makarantar koyon jinya, sai ya kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Fiziks ɗin nan da wasunmu ke gudu tun daga SS1, shi ne ke rufe wa da yawa ƙofa. Ƙannenmu na JSS3, ku yi tunani kafin ku zaɓi aji.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai kwalejojin jinya, kamar na cikin birnin Kano da na Madobi. Akwai kuma digiri na shekara 5 a jami'a, kamar Bayero da Ahmadu Bello ta Zariya. Ko ta ina ka bi, sai ka ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, sannan ka samu lasisin taɓa mara lafiya.

Bayan an yi aiki na ɗan lokaci, ana komawa karatu a ƙware a fanni guda: jinyar ƙashi a asibitin Dala, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko aikin sa barci a ɗakin tiyata. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai. Mace ta zo da doguwar naƙuda cikin dare daga wani ƙauye, likita na nan, amma in babu mai sa barci ba za a yi tiyata ba. Sai dai a kama hanyar Kano, alhali jikinta ba lallai ya jira ba. A Amurka abin ya wuce haka. Tun 1965, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da nas-nas a Jami'ar Colorado don su duba mara lafiya da kansu a wuraren da likita ya yi ƙaranci. Yau irin waɗannan nas ɗin har magani suke rubutawa.

Sai malamin jinya, wanda ba a cika ambatonsa ba, kuma ni a ganina shi ne ƙashin bayan abin. Nas ne cikakke da ya ƙara da horon koyarwa, wasu har digiri na biyu da na uku. Hukuma tana duba yawan ƙwararrun malamai da kayan aiki kafin ta yanke adadin ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Ke nan in malamai sun yi kaɗan, gurbin da kake nema ma ya ragu.

Aikin ba wasa ba ne: akwai kwanan asibiti, akwai jini, akwai ranar Sallah a bakin aiki. Kuma kada maza su ce na mata ne. Ɗakin maza ma yana buƙatar mai kula da shi. Wanda ke da sha'awa ya samu malamin Bayoloji a ofis lokacin tara, ya tambayi lokacin sayar da fom.