Koren Nimitti: Mai Kama da Sauro a Gaɓar Nilu

Nimitti shi ne sunan da mutanen Sudan suke kiran wani ɗan ƙwaro kore da ke tasowa daga kogin Nilu a lokacin sanyi, idan ruwa ya ja baya, ya mamaye unguwannin bakin kogi na Khartum da Umdurman da tsibirin Tuti da zarar magariba ta yi aka kunna fitilu. Baƙon da ya fara ganinsa zai rantse sauro ne, amma kama da wane ba ta wane, domin nimitti ɗan wani dangi ne dabam da masana ke kira Chironomidae, wanda aka rubuta masa nau'i fiye da 5,000 a duniya, kuma ba ya cizo, don ba shi da dogon bakin da sauro ke huda fata da shi.

Mai sha'awar ƙwari da ke riƙe da gilashin ƙara girma zai iya rarrabe su tun a jikin bango. Sauro idan ya sauka yakan ɗaga ƙafafunsa na baya, shi kuwa nimitti na gaba yake ɗagawa yana kaɗa su. Fikafikan sauro suna da ɓawo-ɓawo a kan jijiyoyinsu, na nimitti kuwa ba su da shi. Namijin kuma yana ɗauke da tuntu biyu masu gashi buzu-buzu a ka, waɗanda da su yake jin motsin fikafikan tamata idan ta shigo cikin taron mazan da ke shawagi a sama. Nan ne iyakar abin da gilashin hannu zai bayar. Sanin ainihin nau'i sai an ajiye namiji a cikin sifirit, an shimfiɗa ƙarshen cikinsa a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike, an duba siffar 'yan ƙugiyoyin da yake riƙe tamata da su, domin a nan bambancin yake. Ta irin wannan aiki Paul Freeman ya bayyana koren nimitti a 1950, ya sa masa sunan D. J. Lewis, masanin ƙwarin da ya yi nazarinsa a Sudan, shi ya sa a yau ake kiransa Cladotanytarsus lewisi. Akwai kuma baƙin nimitti na arewacin ƙasar, wanda ɗan dangin Simuliidae ne mai cizo, kuma haɗa su da ake yi a suna ɗaya yana rikitar da mai koyo ƙwarai.

Mafi yawan rayuwar koren nimitti a cikin ruwa take, inda tsutsarsa ke zaune a laka tana cin ɓurɓushin tsiro, kifi kuma yana cinta. Wanda ya yi fiffike kwanaki kaɗan yake yi ya mutu. Masu bincike sun danganta yawaitarsa da madatsun ruwa, wato ta Sennar da aka gama a 1925 a kan Shuɗin Nilu da ta Jabal Auliya ta 1937 a kan Farin Nilu, saboda ruwan da aka tsare yana haifar da ƙananan tsirrai masu yawa, abincin tsutsar ke nan.

Malamai suna ba da labarin Lamarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, wanda ɗan sauro guda ya shiga hancinsa ya zama ajalinsa, kuma Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nimitti ma ta hanci yake cutarwa, sai dai shi da yawa yake zuwa, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Yana faɗawa cikin shayi da kwanon miya, yana hana zaman waje da dare, gawarwakinsa kuma idan sun bushe sukan zama ƙurar da ake shaƙa. A jikinsa akwai himoglobin, sinadarin da ke riƙe iskar numfashi, irin wanda ke sa tsutsar wasu danginsa yin ja, kuma shi ne jikin wasu mutane ke yi wa bore, ya tayar musu da atishawa da fuka. Binciken da M. O. Gad El Rab da A. B. Kay da abokan aikinsu suka yi a farkon shekarun 1980 ya kwatanta Kalakla da ke bakin Farin Nilu da Umm Dawa Ban da ke nesa da kogi, aka tarar ciwon hanci da fuka sun fi yawa a Kalakla.