Sana'a uku, hankali ɗaya

Ɗan'uwa mai karatu, sana'a nawa ka yi tun da ka tashi? Wataƙila da damina kana noma, da rani ka tafi ci-rani. Wataƙila ka taɓa zama ɗan koyo a garaji, ka bari, ka koma gyaran rediyo. Yanzu kuma ga ka cikin aji kana koyon karatu. Sai ka ji mutane suna cewa: "Wane ba ya zama wuri ɗaya, shekarunsa sun tafi a banza." Maganar tana da ciwo. Amma ba kullum take zama gaskiya ba.

Yau za mu duba sana'a uku: gyaran inji, rubuta wa kwamfuta umurni, da taimakon masu aiki da na'ura. Daga nesa ba su yi kama da juna ba. Ɗaya hannunsa baƙi ƙirin da mai, biyu suna zaune cikin biro. Amma akwai mutanen da suka yi su duka cikin rayuwarsu. Bari mu ga yadda hakan yake yiwuwa.

Makaniki

A ce kai mai kabu-kabu ne. Da safe motonka ya ƙi tashi. Ka tura shi garaji. Makanikin kirki ba ya fara kwance inji. Tambaya yake farawa da ita: "Yaushe ya fara? Jiya ka ji wata ƙara? A ina ka sha esansi?"

Ya san inji yana bukatar abu huɗu kafin ya tashi: mai, iska, matsi, da tartsatsin wuta. Mai yana gauraya da iska. Fistin ya matse su cikin silinda. Buji, wanda wasu ke ce wa filogi, ya ba da tartsatsi. Sai su kama da ƙarfi, su tura fistin, inji ya juya. In ɗaya cikin huɗun nan ya ɓace, inji ba ya tashi.

Don haka makaniki yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa tanki. Ya cire buji ya ga ko akwai wuta. Ya duba matatar iska, ko ƙurar hunturu ta toshe ta. Da mai sauƙi yake farawa, mai wuya ya zo daga baya.

Mai rubuta umurni

Kwamfuta na'ura ce mai lissafi da sauri ƙwarai. Amma ba ta da hankalin kanta. Abu biyu kaɗai ta sani: akwai wuta, babu wuta. Ana rubuta su 1 da 0. Duk abin da take yi, wani mutum ne ya rubuta mata shi daki-daki: fara da kaza, in ka ga kaza yi kaza. Jerin umurnin nan shi ake kira manhaja.

Ga misali. Ka san a nan Nijar da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. A ce tiyar hatsi ɗaya dala 100 ce, wato sefa 500. Tiya 10 kenan jaka 5. To, an rubuta wa kwamfuta ta yi lissafi da sefa. Sai mai shago ya buga mata 100, a ransa yana nufin dala. Me za ta ce? Za ta ce tiya 10 sefa 1000 ce, jaka ɗaya tak. An yi asarar jaka 4.

Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa mata ta yi. Mai rubuta umurni sai ya zauna ya bi layi-layi, har ya gano inda dala ta rikiɗe ta zama sefa. Sannan ya gyara, ya sa na'ura ta riƙa tambaya: "Dala ko sefa?" Ka ga, irin binciken da makaniki ya yi wa moto, shi ne wannan.

Mai taimakon masu na'ura

Sana'a ta uku ita ce ta mutumin da ake kira in na'ura ta ƙi aiki a banki, ko asibiti, ko wata ma'aikata. Sau da yawa ma ba ya wurin, ta waya ake gaya masa. Mai kira yana cikin fushi: "Na'ura ta mutu, ga mutane sun yi layi!"

Shi kuma sai ya kwantar da murya: "Akwai kuran cikin ɗakin? Igiyar wuta tana jone? Me aka rubuta bisa allon? Karanta mini." Sau da yawa matsalar ƙarama ce. Wani ne ya taka igiya ta fita.

Aikin nan yana son haƙuri. Ba a yi wa mai tambaya dariya, don in ka kunyata shi zai ɓoye maka abin da ya taɓa. Makanikin da ya saba sauraron direbobi ya riga ya iya rabin wannan aiki.

Matar da ta kwance agogo bakwai

Ga labarin wata mata ta ƙasar Amurka, sunanta Grace Hopper. An haife ta a shekarar 1906. Tana da shekara 7 ta so ta san abin da ke sa agogo ƙara. Ta kwance ɗaya, ta kwance wani, sai da ta kwance bakwai kafin uwarta ta farga.

Da ta girma ta zama malamar lissafi. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta shiga sojan ruwa. A 1944 aka tura ta jami'ar Harvard, ta yi aiki da wata kwamfuta mai suna Mark I. Na'urar nan tsawonta ya wuce mita 15. Cikinta akwai dogon ƙarfe wanda injin lantarki yake juyawa, da ƙafafu masu haƙora, da dubban makunnai. Rabinta inji ce, rabinta lissafi. Hopper ta rubuta mata umurni, ta kuma yi aikin rubuta littafin da ke koya wa mutane yadda ake sarrafa ta.

A 1947 wata na'urar da aka ƙera bayan waccan, Mark II, ta samu matsala. Abokan aikin Hopper suka yi ta bincike. Daga ƙarshe suka tarar da wani ƙwaro mai fiffike, irin wanda ke zagaya fitila da dare, ya maƙale cikin wani makunni. Suka cire shi, suka manna shi cikin littafin aikinsu, suka rubuta lokacin. Tun kafin nan masu Turancin Ingilishi suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro. Ran nan sai ga ƙwaro na gaske.

Hopper ta taimaka wajen samar da hanyar yi wa kwamfuta umurni da kalmomi, ba da lambobi kaɗai ba. Ta bar aikin soja a 1986 tana da shekara 79, ta rasu a 1992. Malama, soja, mai rubuta umurni, mai koya wa mutane aiki da na'ura. Wace ce cikin sana'o'in nan ta tafi a banza?

Mu dawo gida

A ƙasarmu ma akwai misali. Abdu Maman Kane ɗan Nijar ne, masanin kwamfuta. Ya ga wahalar masu lambu: tafiya mai nisa don kunna injin ban ruwa, da ruwan da ke zuba a banza. Sai ya haɗa injin ban ruwa da wayar salula. Manomi yana gida ko yana kasuwa, ya yi amfani da wayarsa, ruwa ya fara zuba cikin lambu, in ya isa ya tsaya. Aikin ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011. A 2015 kuma ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na biyu na Maroko. Irin wannan aiki yana bukatar sanin kwamfuta, da sanin famfo, da sanin halin manomi.

Ka tuna kuma yadda zamani ya yi ta juya sana'o'i. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada ƙwarai. Masu gyara, irin na kasuwar Katako a Yamai, suka ƙara daraja, don wanda ba ya iya sayen sabo dole ya gyara tsoho. Daga 2001 salula ta fara bazuwa cikin ƙasa. Masu gyaran rediyo da yawa suka koma gyaran waya. Yau motoci da yawa da ake kawowa daga Turai suna da ƙaramar kwamfuta a ciki. Makaniki yana jona wata na'ura, ta nuna masa lamba, lambar ta faɗi inda ciwon yake. Wanda bai iya karatu ba, yaya zai yi da lambar nan? Sai ya kira wani ya karanta masa, su raba kuɗin aikin.

Abin da kake ɗauka ka tafi da shi

In ka bar sana'a, sifana da guduma suna iya zama a garaji. Amma akwai abu biyar da suke bin ka duk inda ka je:

1. Ka saurari mai kaya, ka yi tambaya kafin ka taɓa kome.
2. Ka fara da abu mai sauƙi, mai araha.
3. Ka canza abu ɗaya, ka gwada. In ka canza uku tare, ba za ka san wanda ya yi magani ba.
4. In ba ka gane ba, ka faɗi gaskiya. Matambayi ba ya ɓata.
5. Ka rubuta abin da ka gani da abin da ka yi.

Na biyar ɗin nan shi ne sabon makaminka. Ka sayi kaye da bik. Duk aikin da ka yi, ka sa ranar, da matsalar, da maganin, da kuɗin da aka biya. Bayan shekara ɗaya kayen nan zai zama malaminka. Ba mai cutar ka a lissafi, kuma ɗan koyonka zai amfana da shi.

Sai dai a yi hattara. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba a ce ka yi wata ɗaya nan, wata ɗaya can ba. Wanda ya bar garaji bai iya bambanta ƙarar inji mai lafiya da maras lafiya ba, bai ɗauki kome ba. Ka zauna ka iya ɗaya sosai, har mutane su yarda da hannunka. Daga nan ta biyu za ta zo da sauƙi, ta uku ta fi ta sauƙi.

Ƴar'uwa, ke ma maganar ta shafe ki. Keken ɗinki inji ne. Injin niƙa inji ne. In zare yana tsinkewa, kina duba allura, ki duba ƙarfin zare, ki gwada bisa ƙyalle. Hanyar dai ita ce.

To, ɗan'uwa, in an sake ce maka shekarunka sun tafi a banza, ka ƙirga abin da kowace sana'a ta bar maka. Karatun da kake yi yanzu shi zai ɗaure su wuri ɗaya. Allah ya sa albarka cikin neman halaliya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu inji yake bukata kafin ya tashi?
2. Tiya ɗaya dala 100. Tiya 6 sefa nawa ce?
3. Me ya sa ba a canza abu uku tare in ana neman matsala?
4. Rubuta sunan sana'o'in da ka taɓa yi. Gaban kowace, rubuta abu ɗaya da ta koya maka.