Kirsimeti da Addu'ar Masu Jira

Da zarar hunturu ya kama, an gama girbi, hankalin ɗalibi sai ya koma gida: sabon ɗinki, shinkafa da nama, cincin da yawon gaisuwa. Ba laifi. Amma in ka buɗe Bisharar Luka, sura 1 da 2, za ka tarar labarin Kirsimeti a wurin addu'a ya fara.

Firist Zakariya ne kuri'a ta faɗo wa ya shiga Haikali ya ƙona turare, jama'a kuwa suna waje suna addu'a. Nan mala'ika Jibra'ilu ya shaida masa an ji roƙonsa, matarsa Alisabatu za ta haifi ɗa. Wane roƙo ke nan? Su biyun sun riga sun tsufa. Ga alama roƙon ƙuruciya ne, wanda Zakariya ya daɗe da fid da rai a kansa. Shi ya sa ya yi shakka, aka kuwa rufe masa baki har ranar da aka raɗa wa Yahaya suna. Mai roƙon ya gaji, amma Allah bai manta ba.

Kwana 40 bayan haihuwar Yesu, Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali da hadayar talakawa, wato tsuntsaye biyu maimakon ɗan rago. Wa zai waiwayi irin waɗannan baƙi? Mutum biyu Luka ya ambata da suka gane jaririn: Saminu, wanda aka yi wa alkawari ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu, da Hannatu, tsohuwa mai shekara 84. Mijinta ya rasu bayan shekara 7 da aurensu, ita kuwa ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. A ganina, wannan doguwar addu'a ce ta buɗe mata ido.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekarar 336. Daga baya ikilisiya ta keɓe makonnin da ke gabansa don shiri da addu'a. Har yanzu Katolika da Angilika suna kiyaye Lahadi 4 ɗin nan.

'Yan'uwana ɗalibai, matsalarmu ita ce lokacin yakan faɗo cikin hutu. A makaranta ƙararrawa ke tashinmu sujadar safe, ko muna so ko ba ma so. A gida babu ƙararrawa, a nan ne za ka san ko addu'ar taka ce ko ta dokar makaranta. Surorin nan biyu aya 132 ne. In ka fara ran 3 ga Disamba, kana karanta aya 6 kowace safiya kafin ka durƙusa, za ka gama ran jajiberen Kirsimeti.