Tantanin da ke cikin tsoka

Yau za mu yi magana bisa tsokar jikinmu.

In kun dafa nama ya yi laushi, za ku ga yana rabuwa zare-zare. Kowane zare, dami ne na wasu zaruruwa ƙanana. Kaurin ɗaya bai wuce na gashin kai ba. Kowane ƙaramin zare yana lulluɓe cikin tantaninsa. Ba shi ne farin tantanin da mahauci ke ɓarewa da wuƙa ba. Wannan ya fi gashi siranta wajen sau 10.000. Ido ba ya ganin shi.

Aikinsa shi ne tsaron ƙofa. Cikin ruwan jiki akwai gishiri iri biyu. Na farko sodiyom, shi ne na gishirin miya. Na biyu potasiyom, wanda muke samu cikin wake, gujiya da dabino. Tantanin yana tsare sodiyom waje, potasiyom ciki. Yana da ƙananan famfuna masu aiki dare da rana: su fid da sodiyom 3, su shigo da potasiyom 2. Wani masani na ƙasar Danmak, Jens Skou, shi ya gano su a 1957.

In manomi zai ɗaga hauya, saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa, ya bi jijiya har tsoka. Nan take ƙofofin tantanin su buɗe, sodiyom ya kwarara ciki. Wani ɗan lantarki ya bi zaren, sai tsoka ta tsuke, hannu ya ɗaga. Daga nan potasiyom ya fita, famfuna su maido kowa wurinsa.

To, zawo da amai suna kwashe ruwa da gishirin nan duka biyu. Shi ya sa mai kwalara ke jin sharaɓarsa ta ɗaure, yaro mai zawo kuma ya yi laɓo-laɓo. Kada a ce kanwa za ta gyara. Ko da ana ce mata "potas" da Faransanci, yawancinta sodiyom ne.

A karɓo ƙunshin SRO gidan likita, akwai gishirin biyu ciki. A zuba ƙunshi 1 cikin litir 1 na ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir 1. A riƙa ba maras lafiya kaɗan-kaɗan, ana kan hanyar kai shi likita.