Me Ya Sa Aka Hana Busa Ƙaho A Wasan Hokin Ƙanƙara Na Jami'o'in Amurka?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon wasan hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka a YouTube zai lura ɗalibai suna ihu kamar rufin zai faɗo, amma da wuya a ji ƙaho ko lasifika yayin da ake tsaka da wasa. Doka ce ta hana. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ba ta yarda a yi amfani da ƙahon iska, na'urar ƙara sauti ko wani abin hayaniya na roba ko ƙarfe ba matuƙar wasa yana gudana.

Ana yi wa dokar laƙabi da "dokar RPI", wato sunan wata jami'ar fasaha da ke garin Troy a jihar New York. A 1987 an raba wa 'yan kallo ƙahonni a wasansu da jami'ar Brown, ƙarar da suka yi kuwa ta wuce misali. Bayan nan aka kafa dokar.

Babban dalilin shi ne usur ɗin alƙalin wasa. 'Yan wasa suna gudu ne a kan takalma masu kaifin ƙarfe, suna gwabza kafaɗa. Idan alƙali ya busa usur, wani ya ji ya saki jiki, wani bai ji ba ya afka masa, ana iya jin mummunan rauni. Ga shi filin a rufe yake. Ƙanƙara, gilashi da siminti ba sa shanye sauti, mayar da shi suke yi, sai ƙarar ta yi ta yawo a cikin ginin.

Shi ya sa dokar ta fi damuwa da lokaci. Makaɗan jami'a suna kiɗa idan an tsaya, babban ƙahon filin ma yana ƙara idan an ci ƙwallo, domin a lokacin wasa ya tsaya. Muryar ɗan Adam kuwa ba a taɓa ta ba. Idan magoya baya suka ƙi ji bayan gargaɗi, ƙungiyarsu ce ke shan hukunci: ɗan wasa ɗaya ya fita na minti 2, a bar su huɗu da biyar, ban da masu tsaron raga.

To ina batun waya? Akwai manhajoji masu kwaikwayon ƙahon iska, kuma da zarar an haɗa su da lasifikar Bluetooth sun zama irin na'urar da aka hana. Amfanin wayar na gaske a wurin shi ne auna ƙara. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A desibel 100, minti 15 kacal ya rage. Cibiyar tana da manhajar auna sauti kyauta a iPhone, agogon Apple Watch ma yana gargaɗi idan ƙara ta yi yawa.

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan rigimar. Vuvuzela, wadda ƙararta ke kaiwa kusan desibel 120, ta cika kunnuwa a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kuma a shekarar UEFA ta hana shiga da ita wasanninta.